Harafin Dalma da Ɓoyayyen Hatimi

A asibitin nan, in ka nemi mai ɗaukar hoton ƙirji da sunan da ke kan katinsa na aiki, sai an tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Ja-ka-riƙe, ko mai shara zai ajiye tsintsiya ya nuna maka: bi doguwar baranda, wuce ɗakin ɗibar jini, ƙofa ta ƙarshe mai nauyi, wadda jar fitila ke samanta. Sunan ya fito ne daga abin da ya yi shekara talatin da huɗu yana faɗa, sau hamsin a yini ko fiye. "Ja numfashi. Riƙe." Na'ura ta yi ɗan ƙaranta. "To, numfasa." Haka yake faɗa wa shugaban asibiti, haka yake faɗa wa ɗan dako, murya ba ta hawa ba ta sauka.

Da wankin fim ya fara, a ɗakin duhu, zamanin da ake tsoma hoto cikin ruwan magani a rataye shi ya bushe kamar wanki. Tsohon da ya koya masa aikin ba mai yawan magana ba ne. Ranar da ya yarda ya bar masa na'ura, sai ya damƙa masa harafi biyu na dalma, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, ɗaya na nuna dama, ɗaya na nuna hagu. Ya ce masa ƙasusuwan mutane duk kama suke da juna, in bai sa wa hoto shaida ba kafin ya danna, wata rana za a yanka mai lafiya a sallami mara lafiya. Harafin daman ya taɓa faɗuwa, keken marasa lafiya ya taka shi, ƙafarsa ɗaya ta gutsure. Bai canza shi ba. Yakan manna shi a kusurwar farantin ɗaukar hoto a ɗan karkace, har likitoci suka saba. In sun ɗaga hoto suka ga gurgun harafi ya kishingiɗa a kusurwa, sun san hannun da ya ɗauka, ba sa sake tambaya.

A shekararsa ta biyu aka shigo masa da wata budurwa mai ɗinki, yayanta na riƙe da hannunta, shi ya ma fi ta firgita. Tana gyaran rigar wata ne da fil uku a baki, aka ba ta dariya, da ta duba sai ta ga saura biyu. Ya tsayar da ita jikin faranti, ya ce ta ja ta riƙe. Da fim ya fito, ga fil can a kwance, ya riga ya wuce wurin haɗari.

"Zai fita da kansa," ya ce mata. "Amma daga yau a nema masa wani wurin ajiya."

"To tunda ka gama leƙa ni," ta ce, "duba mini ko almakashina na can. Tun jiya nake nemansa."

Bayan wata takwas suka yi aure. Har tsufa Mai Fil yake kiranta, ita kuma ta ce masa Mai Hoto in suna wasa, Malam in da baƙi ko in magana ta yi nauyi. Yakan yi alfahari a cikin hira cewa shi kaɗai ne mijin da ya ga zuciyar matarsa kafin ya aure ta. Sai ta ce, "Ka gani da idonka, ka kuma shigo. Laifin wa?" Sun haifi uku. Mazan biyu aiki ya kai su nesa, Auta kuma, malamar makaranta, aure ya kai ta wani gari, tafiyar awa huɗu a mota. Duk ranar Asabar Mai Fil ce ke wanke farar rigarsa ta aiki. Ta zazzage aljihu, ta jefa haruffan nan biyu cikin gwangwanin maɓallanta, ranar Litinin da safe ta mayar da su.

Sau biyu aikinsa ya taɓa ɓata masa rai ƙwarai. Na farko, wani mai ciwon huhu mai yaɗuwa ya samo hoton wani mai lafiya, ya kankare sunan da reza ya rubuta nasa, ya sami aikin girki a makarantar kwana da shi. Da yara suka fara tari aka binciko hoton, ga gurgun harafi a kusurwa. Aka kira Ja-ka-riƙe gaban kwamiti, ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe. An wanke shi, amma ya yi wata guda ba ya iya haɗa ido da masu jinya. Na biyu kuwa, hotunan da ya yi shekaru yana tarawa don koyar da ɗalibai ne ya tsinta a wani ɗan littafi, da sunan wani mutum da bai taɓa taka ɗakinsa ba. An datse duk kusurwoyin don kada harafin ya fito. Ba shi da abin da zai nuna ya ce nasa ne.

Shi ya sa lokacin da aka rufe ɗakin duhu aka kawo na'ura mai kwamfuta, tsofaffin ma'aikata suna ta gunaguni, shi gaba ya zauna. Wadda aka ɗora wa kula da ajiyar hotunan mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, kullum tabarau a goshi, kowa Injiniya yake ce mata. Ita ta yi masa bayanin abin da ta kira ɓoyayyen hatimi.

"Hoton nan ɗigo-ɗigo ne, Baba, miliyoyi. Na'ura tana saƙa rubutu a cikinsu, ta ɗan ƙara wa wannan haske, ta ɗan rage wa wancan, yadda ido ba zai taɓa gani ba. Sunan asibiti, lambar mara lafiya, rana da sa'a, da lambar wanda ya danna. Duk inda hoton ya je, da shi zai je. In wani ya kwafe ya ce nasa ne, hatimin zai ƙaryata shi, ko da ya datse kusurwa. In kuma ya taɓa wani wuri, kwamfuta za ta zagaye wurin da jan layi."

"Ko ni na taɓa?"

"Ko shugaban asibiti ne."

Ya kalli allon, sannan ya ce, "Ashe dai an yi wa harafina ƙane. Amma fa ni ba zan ajiye nawa ba."

"Wa ya isa ya ce ka ajiye, Baba?"

Daga nan ya zama mai wa'azin hatimi. Duk sabon ma'aikaci sai ya sha bayani. A gida ma Mai Fil ta sha shi har ta hardace, in ya fara sai ta ƙarasa masa tana taka keke, ba ta ko ɗaga kai.

Shekara shida bayan haka ta fara tari. Ta ce ƙurar yadi ce. Ya kawo maganin sha, ta shanye kwalba biyu, tarin na nan. Abin da ya tayar masa da hankali, wata rana ya shiga ɗakin ɗinki ya same ta tana rage ƙugun rigarta, ba ta kowa ba, tata, ga wasu uku a ninke suna jiran layi. Ranar Litinin ya ce ta shirya su tafi tare.

A ɗakin hoto ya tsayar da ita jikin faranti, ya gyara mata kafaɗu, ya sa hannu a aljihu. Harafin hagu na nan, na dama babu. Ya laluba na sama, ya laluba na wando.

"Me ka rasa, Mai Hoto?"

"Harafina."

"Tsufa ke nan. Gobe kanka za ka nema."

Mutane na jira a benci, don haka ya bari na'ura ta sa tata alamar. Ya koma bayan gilashi. "Ja numfashi. Riƙe."

Yanzu ba a jiran fim ya bushe. Kafin ya ɗauke yatsa hoton ya riga ya hau allo. A saman huhun dama akwai wani farin dunƙule kamar dunƙulen hannun jariri, gefensa ya yi tsika-tsika, ga kuma ƙanana sun warwatsu a ɗaya ɓangaren. Shi ba likita ba ne, doka ma ba ta ba shi ikon faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Amma ya ga irin wannan sau ɗaruruwa, ya kuma san wata nawa masu shi suke yi suna dawowa kafin a daina ganinsu a benci. Bai san tsawon tsayuwar da ya yi ba, sai da ya ji tari ya ɓalle a bayansa, mai ƙarfi, kamar za ta faɗi.

"Malam, kashe ni za ka yi? Ba ka ce in numfasa ba."

"Na'urar ce take wasa," ya ce, bai juyo ba.

Likitan ƙirji, wanda suka yi shekara ashirin suna aiki tare, ya sa aka ɗibi jininta aka kuma shigar da ita babbar na'ura. Ja-ka-riƙe ya ce mata gwajin da ake yi wa duk wanda ya haura hamsin ne. Bayan kwana uku likitan ya kira shi, ya rufe ƙofa, ya cire tabarau.

"Ya kai hanta. Maganin rage zafi akwai. Na warkewa kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Watanni ne, ba masu yawa ba. Kawo ta in yi mata bayani."

"A'a, likita."

"Haƙƙinta ne, Ja-ka-riƙe. Kai ka fi kowa sani."

"Na sani. Ba ni ɗan lokaci."

Abin da ke ransa yayanta ne, wanda ya taɓa kawo ta da fil a ciki. Irin wannan ciwon ne ya ɗauke shi shekara goma da suka wuce. Da ƙafarsa ya shiga wurin likita, yana raha. Ranar da aka faɗa masa ya juya fuskarsa bango, bai ƙara cin abin kirki ba har ya rasu, ita ce kuma ta yi jinyarsa. Ja-ka-riƙe ya ƙudura cewa matarsa ba za ta juya fuska bango ba. Duk kwanakin da suka rage mata, za ta yi su a kan kekenta, tana tsokanarsa.

Sai dai ta fara tambaya. "Ina hotona? Kowa ka nuna masa nasa, ni da nake wanke maka riga fa?"

Shekara huɗu kafin nan ta taɓa zamewa a banɗaki ta bugu a haƙarƙari, ya ɗauke ta hoto, huhun nan fes. Yana nan cikin ajiya. Wata rana lokacin hutun rana, da benci ya yi sarari, ya buɗo shi, ya goge kwanan watan da ke ƙasa, ya rubuta na Litinin ɗin nan. Ya san da hatimi, ba wanda ya fi shi sani a asibitin in ban da Injiniya. Amma ya ce wa kansa wannan hoton na idon mace ɗaya ne a ɗaki ɗaya, ba kwamfutar asibitin da za ta taɓa karanta shi. Ya sa shi a faifai ya kai gida, ya buɗe mata a tsohuwar kwamfutar da Auta ta bari.

Ta sa tabaraunta na ɗinki, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne na ranar Litinin?"

"Shi ne. Kin gani, fes. Sanyi ne ya kwanta miki."

"To, alhamdu lillahi," ta ce. Ta cire tabarau ta koma kan keke.

Sati bakwai suka yi a haka. Yakan ɓare magungunan daga kwalinsu ya zuba a kwalbar da ba rubutu, ta karɓa ta sha ba tambaya. Ta daina karɓar sabon ɗinki, ta ce so take ta gama na hannu. Suna hirar rufin kicin da ke yoyo, da maƙwabcin da ya sayi motar da ba ta tashi sai an tura. In zai shiga gida sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara fuska, ya shiga da labarin ban dariya. Tana yi masa dariya. A wurin aiki kuwa, in layi ya ragu, yakan shiga tsohon ɗakin duhu da aka mayar wurin ajiyar kwalaye, ya zauna kan kwali ba ya kunna fitila. A sati na shida Auta ta zo ta kwana biyu, ta dubi uwarta, ta dubi ubanta, ta ce, "Baba, sanyi ne ke ramar da mutum haka?" Ya ce yana yi. Ta koma ba ta gamsu ba.

Wata ranar Alhamis da safe Injiniya ta aiko ya zo. Ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba, tabaraun nan yau a idonta yake. Ta juyo masa da allo. Hoton huhu ne fes, gurgun harafi a kusurwar sama, a ƙasa kuma jan layi ya zagaye kwanan wata. Gefe guda hatimin ya fito da abin da ke cikinsa: ainihin ranar, shekara huɗu baya, da lambarsa.

"Daga wani asibiti aka turo," ta ce. "Ka san ƙa'ida, duk hoton da aka ga an taɓa, sai a sanar da inda ya fito. Baba, sau uku na duba ina fatan na'ura ce ta yi kuskure."

"Ba ta kuskure. Ke kika koya mini."

"Na bi lambar mara lafiyar. Na ga ɗayan, na ranar Litinin." Muryarta ta yi ƙasa. "Allah ya ba Umma sauƙi."

Ya ɗauke ido daga allon.

"Dole in kai rahoto."

"Ki kai. In ba ki kai ba, ni zan kai ki." Ya dafa bayan kujera. "Wa ya kai musu hoton?"

"Sun ce wata malamar makaranta ce. Jiya da yamma likitan ya yi mata bayani."

Kwamiti bai zo masa a rai ba ko kaɗan. Abin da ya lissafa awa huɗu ne, da motar farko ta safe. Ya bar mutane a benci, abin da bai taɓa yi ba, ya fita da farar rigar a jikinsa.

A tsakar gida ya tarar da Auta, jakarta ma ba ta ajiye ba. Daga ɗakin ɗinki ana jin ƙarar keke. Ta tare shi tana magana ƙasa-ƙasa, idanunta jajur.

"Baba, ban ce mata komai ba tukuna, kai nake jira. Likitan ya ce hoton nan na shekara huɗu ne, an canza kwanan wata. A asibitinku aka yi. Wane mara imani ne zai yi wa Umma haka? Ka nemo shi, Baba, wallahi sai an kore shi. Kai da ko sunan mutum ba ka yarda a rubuta da fensir ba..."

"Ni ne, Auta."

Ta sauke jakar ƙasa. Ƙarar keken ta tsaya.

"Ku shigo," Mai Fil ta ce daga ciki. "Labulen nan ba ya tare magana."

Tana zaune bayan keke, rigar wata yarinya rabi a ƙarƙashin allura. Ta jawo gwangwanin maɓallai, ta tona da yatsa, ta ɗauko wani abu ta ajiye a kan yadin. Gurgun harafin ne.

"Ranar Litinin ɗin nan a jakata yake," ta ce. "Ɓoyewa na yi in ga kana laluben aljihu, in mun fito in ba ka. Sai ka manta ba ka ce in numfasa ba. Shekara talatin da huɗu, ban taɓa jin ka manta wa kowa ba. Na juyo na ga bayanka, Malam. Bayanka ma ya faɗa mini. Sai kuma ga ka da hoto, ga gurgunka kishingiɗe a kusurwa yana kallona. Na ce to, ko fita ya yi daga jakata ya je aiki ya dawo?"

Ya nemi wurin zama, babu sai kan tarin yadi. Ya zauna.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kana cin abinci. Na san in na faɗa za ka daina."

"Na tuna da Yaya ne."

"Na sani. Amma ba faɗar ce ta juya shi bango ba. Daga ranar kowa ya shiga wurinsa sai ya ce ai ka ji sauƙi, ai ka yi kyau. Ya rasa wanda zai yi maganar da shi. Ni ma haka na yi masa, har yau tana cina." Ta yi tari, Auta ta miƙa mata ruwa, ta ture kofin a hankali. "Sati bakwai, Malam. Ina da maganganu da kai, na rasa ƙofar shiga. Kullum ka shigo da dariya, sai in tausaya maka in taya ka."

Auta tana kuka ta ce, "Umma, ai ke kika sa mini faifan a jaka. Kika ce in nuna wa wani ya ƙara dubawa."

"Ni na sa. Shekara shida ubanki yana cika mini kunne da hatimin nan, duk inda hoto ya je da shi zai je. Na ce bari in aike shi ya faɗi abin da mu biyu muka kasa." Ta dubi mijinta. "Na jawo maka abin magana a wurin aiki, ko?"

"Ni na jawo."

"To ka yafe mini rabi, in yafe maka rabi. Gobe ka kai ni in ga nawa."

Washegari ya kai ta. Ta shiga ofishin Injiniya a hankali, tana dafe da hannun Auta, ta zauna ta sa tabaraun ɗinki. Aka buɗo hoton ranar Litinin. Babu harafin dalma a kusurwarsa, babu jan layi ko'ina.

"Wannan ne nawa?"

"Shi ne," ya ce.

"Injiniya, gaskiya yake faɗa wannan karon?"

"Hatimi ya ce haka, Umma. Ba a taɓa shi ba."

Ta kai yatsa kan farin dunƙulen, ta auna shi da gaɓar yatsanta yadda take auna bakin riga.

"Ashe ya fi fil girma," ta ce. Ta juyo. "Mai Hoto, yau ba za ka ce mini zai fita da kansa ba?"

Ya buɗe baki. Muryar nan da ba ta hawa ba ta sauka ta ƙi fitowa. Ita ce ta kama hannun rigarsa ta ce ya isa, su je wurin likita tun bai tashi ba.

Sati biyar da kwana huɗu ta ƙara. A cikinsu ta gama rigar yarinyar nan, ta raba almakashinta da zarenta, ta kira 'ya'yanta maza suka zo suka same ta tana iya zama. Ta faɗa masa abubuwan da take riƙe da su, wasu tun na shekarar farko, wasu sun ba shi dariya, wasu bai taɓa maimaita wa kowa ba. Ba ta juya fuska bango ba. Ta rasu wata Talata da hantsi, yana riƙe da kofin da ta ce ya kawo mata.

Kwamiti ya zauna bayan wata guda. Suka rubuta masa takardar gargaɗi, likitan ƙirji ya karanta ta, kansa a sunkuye. Ja-ka-riƙe ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa musu tasa ta ajiye aiki. Roƙo ɗaya ya yi, a cire suna da lamba a bar hoton mai jan layi cikin waɗanda ake nuna wa sababbin ma'aikata. Injiniya tana nunawa. In sun tambaya wane ɓarawo ne ya yi, sai ta ce ba ɓarawo ba ne, ta wuce hoto na gaba.

Yanzu da safe a ɗakin ɗinkin yake zama. An lulluɓe keken da zane, gwangwanin maɓallai na kan taga, haruffan biyu suna ciki. Tsofaffin abokan aiki sukan leƙo. Wani daga cikinsu, irin masu gunagunin nan na farko, ya taɓa ce masa ai ga irin ta nan, na'urar da ya yi ta yabo ita ce ta tona masa asiri a ƙarshe.

Ja-ka-riƙe ya girgiza kai.

"Ba ta yi mini laifi ba. Sati goma sha biyu Allah ya ba mu, ni da ita, na kashe bakwai ina ba ta labarin motar maƙwabci. Da hatimin nan ya kama ni tun ranar da na goge kwanan watan, da na je har ofishin Injiniya na yi masa godiya."

Baƙon ya ce ashe rufin kicin ɗin nan har yanzu yana yoyo. Ya ce yana yi.